Wa ke sa ido a kan asibitocin dashen ƙwai, kuma ina makomar ƙwan da ya yi saura?

'YarTudunWada ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana likitanci da shari'a ku taimaka mini da haske, kuma a yi mini uzuri idan na tsawaita.

Ni malamar makaranta ce a Kaduna. Mun daɗe da aure Allah bai kawo rabo ba. Gwaji ya nuna hanyoyin ƙwaina duka biyun a toshe suke, maigidan kuwa lafiyarsa ƙalau. Likitata ta ce a ci gaba da addu'a, amma a likitance abin da ya rage shi ne dashen ƙwai, wato IVF. Muka sayar da filinmu, na kwashi adashi, muka nufi wani asibitin kuɗi a Abuja. Wuri tsaf, ma'aikata da fara'a, ba ni da ta cewa. Sai aka miƙo mana takardar amincewa, Turanci zalla da ƙananan baƙaƙe, aka ce mu sa hannu kafin a fara allurai. Maigidan har ya zaro biro. Ni kuwa, halin malamai, na ce sai na karanta.

A shafin ƙarshe na tarar da akwatuna uku. Idan ƙwan da aka haɗa da maniyyi ya yi saura: ko a daskarar da shi mu riƙa biyan kuɗin ajiya duk shekara, ko a zubar, ko mu bayar da shi don bincike da koyarwa. A ƙasa kuma aka ce idan muka daina biyan kuɗin ajiya, asibiti zai yi abin da ya ga ya dace da shi.

Wannan layin ne ya hana ni barci. Na tambayi yarinyar da ke kan tebur, wane bincike, kuma wa ke yin sa? Ta ce ai Hajiya kowa sa hannu kawai yake yi. Na ce wace hukuma ta ba ku izinin wannan aiki? Ta nuna mini wata takarda a jikin bango. Na matsa na karanta, rajistar asibiti ce, ko kalma ɗaya babu a kan dashen ƙwai.

To tambayata ke nan. Akwai hukumar da ke ba da lasisi na musamman a kan wannan aiki a Najeriya? Wa ke shiga ɗakin da ake haɗa ƙwan ya tabbatar nawa da na mijina aka mayar mini, ba na wasu ba? Kuma wannan akwati na bincike, in cike ko in bari? Ban sa hannu ba tukuna, maigidan kuma ya fara cewa ina neman jawo mana asarar kuɗin da muka riga muka zuba.

BaristaGwarinpa ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Kin kyauta da kika karanta. Amsar tambayarki ta farko a gajarce: babu. Najeriya ba ta da dokar tarayya da ta keɓanta da dashen ƙwai, ba ta kuma da hukumar da aikinta ke nan. An sha kai ƙudiri Majalisar Tarayya, har da na 2016, ba su zama doka ba.

Abin da ke akwai gutsattsari ne. Likitan yana da rajista da MDCN, majalisar da ke kula da likitoci, ita ke iya dakatar da shi idan ya yi sakaci. Ginin asibitin kuma jiha ke yi masa rajista: a Kano PHIMA, a Legas HEFAMAA, a Abuja sashen lafiya na Hukumar Babban Birnin Tarayya. Takardar da kika gani a bango irin wannan ce, kuma irinta ce a asibitin da ake cire haƙori. Legas ce ta ɗan matsa gaba, a 2019 ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan wannan fanni, amma ƙarfinsu ya tsaya a iyakar Legas. Likitocin fannin suna da ƙungiyarsu, AFRH, da nata ƙa'idojin, sai dai ƙungiya ba ta da ikon garƙame ƙofar kowa.

Ki dubi tsawon lokacin. Tun shekarun 1980 Farfesa Ashiru da Farfesa Giwa-Osagie suka fara wannan aiki a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas. A Abuja an haifi Hannatu Kupchi ta wannan hanya a Fabrairun 1998 a hannun Dakta Ibrahim Wada. Yaran farko sun girma sun zama manya, dokar ba ta iso ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta taɓo batun a sashe na 50. Ta hana taɓa ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙwai ko maniyyi ko ɗan tayi (wato ƙwan da aka riga aka haɗa da maniyyi), ta hana ƙoƙarin kwafar ɗan'adam, ta kuma hana shigo da ɗan tayi ko fitar da shi daga ƙasar. Hukuncin ɗauri ne na aƙalla shekara 5 ba zaɓin tara. Ki riƙe batun hana fitarwar nan, domin idan wata rana kika so a kai miki ƙwanki da ke ajiye zuwa Masar ko Indiya, doka ta rufe wannan ƙofa. Amma yawan ƙwan da za a dasa, shekarun da za a ajiye shi, makomarsa idan aure ya mutu, duk dokar ba ta ce uffan ba. Inda doka ta yi shiru, takardar da kika sa wa hannu ita ce dokarku. Shi ya sa layin nan na "abin da ya ga ya dace" ba ƙaramin abu ba ne.

Kina da makamai biyu. Dokar nan ta 2014 ta wajabta a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, don haka kina da haƙƙin a zaunar da ku a warware muku da Hausa. Sannan duk binciken lafiya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi, kuma akwai na ƙasa, NHREC. Ki ce su nuna miki sunan binciken da takardar amincewar kwamitin. In babu, ki ja layi a kan akwatin, ku sa hannu a gefe ke da maigidan, ki karɓi kwafi.

SistaAManchester ta amsa:

Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo masu albarka. Ni 'yar Katsina ce, aikina ke nan a Ingila, ni ce irin wadda ke bayan ƙofar da ba a bari ku shiga. Bari in gaya miki yadda abin yake a nan, ba don in ce su sun fi mu ba, sai don ki san abin da ya kamata ki tambaya.

A nan aka fara. An haifi Louise Brown a Oldham ranar 25 ga Yulin 1978. Hankalin jama'a ya tashi, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock, ya miƙa rahoto a 1984, aka yi doka a 1990, hukumar HFEA ta fara aiki a 1991. Ba wanda ya isa ya haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki, ko ya ajiye, ko ya yi bincike a kai, sai da lasisinta. Lasisin ba na har abada ba ne, kuma duk shekara biyu sai masu duba aiki sun zo, wani lokaci ba sanarwa. Kowace cibiya tana da mutum guda da aka rubuta sunansa, in an yi ɓarna shi za a riƙe. Ko a 2024 sai da suka dakatar da lasisin wata cibiya a Landan saboda kurakurai wajen daskarar da ƙwai.

Tambayarki ta biyu ita ce ainihin aikina. Ƙwan mace ido ba ya ganinsa sosai, kuma na Hajiya da na Baturiya kamarsu ɗaya a ƙarƙashin madubi. Abin da ke raba su kawai sunan da ke jikin ɗan faranti. A 2002 aka gano a Leeds an haɗa ƙwan wata mata da maniyyin wani mutum daban, sai da aka haifi tagwayen launin fatarsu ya tona. Daga nan aka tsananta. Yanzu duk lokacin da zan ɗauke ƙwai daga wannan faranti zuwa wancan, sai na kira abokiyar aiki. Ni in karanta suna da ranar haihuwa da lamba da ƙarfi, ita ta duba ta maimaita, mu sa hannu mu biyu da lokaci. Ko kuma na'ura ta karanta alamar da ke manne a farantin, in farantan mutum biyu suka haɗu a tebur ɗaya ta yi ƙara. Ranar dashe ma, kina kwance za mu ce ki faɗi cikakken sunanki da bakinki kafin in miƙa wa likita bututun. Abin yana da gajiyarwa, ranar da aiki ya yi yawa har haushi yake ba mutum, amma ba a tsallake shi.

Batun ajiya, ana sa ƙwan a tanki mai ruwan naitrojin, sanyinsa 196 ƙasa da sifili. Tankin ba ya buƙatar wutar lantarki, ruwan ne ke ƙafewa a hankali, sai an riƙa ƙarawa. A Maris na 2018 tankuna biyu suka lalace a Amurka, ɗaya a Cleveland ɗaya a San Francisco, a Cleveland kaɗai aka yi asarar ƙwai da 'yan tayi fiye da 4,000. Abin da ke tsoron ɗauke wuta shi ne na'urar renon ƙwan a kwanaki biyar na farko, wadda dole ta tsaya a zafin jikin mutum dare da rana. A gida wannan ne zan fara tambaya.

Takardar amincewarmu tana tambayar abin da ba a son ji: in kin mutu fa, in shi ya mutu fa? Kuma kowanne cikinku yana iya janye amincewarsa kafin a dasa. Wata mata, Natallie Evans, an cire mata ma'ajiyar ƙwai saboda ciwo, 'yan tayi shida ke gare ta a ajiye, suka rabu da mutumin ya janye amincewarsa. Ta kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, ta sha kaye a 2007. Abin tausayi ne, amma kowa ya san matsayinsa tun kafin a fara.

Bincike kuma lasisinsa daban, kowane aiki da nasa. Ba a cewa "bincike" a dunƙule, sai an gaya miki wane ne, kuma ƙin yarda ba ya taɓa maganinki. Ba a barin ɗan tayin bincike ya wuce kwana 14, lokacin da jiki ke fara shata layinsa na farko, kuma haramun ne a dasa shi a mahaifa. A 2016 an ba Kathy Niakan ta cibiyar Francis Crick izinin gyara ƙwayoyin halittar 'yan tayi bisa waɗannan sharuɗɗa. A Sin kuwa He Jiankui ya gyara ya dasa, aka haifi tagwaye a 2018, ya sha ɗaurin shekara 3. Ni ban ƙi bincike ba, da shi muka koyi daskarar da ƙwai yadda zai farfaɗo. Amma akwatin da bai faɗi sunan binciken ba, ko ƙanwata ce ba zan bari ta cike shi ba.

MalamNaZaure ya amsa:

Malama, Allah ya ba da zuriya ɗayyiba. Ta fuskar addini malamai sun riga 'yan majalisa da nisa. Tun 1980 Shehu Jadul Haƙ, yana Muftin Masar a lokacin, ya ba da fatawar halacci idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure tana nan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta duba hanyoyi bakwai, ta haramta biyar, ta halatta biyun da babu mutum na uku a cikinsu. Ko batun kishiya ta ɗauki cikin 'yar'uwarta, majalisar Rabiɗa a Makka ta halatta a 1984, da shekara ta zagayo ta janye saboda tsoron cakuɗuwar nasaba.

A kan saura kuwa, zaman da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi a Jidda a 1990 ya ce a taƙaita haɗawa ga adadin da ake buƙata, in ya yi saura a bar shi ba tare da kulawa ba har rayuwarsa ta ƙare da kanta, kuma haramun ne a dasa wa wata mace. Bayan haka malamai da dama sun halatta daskararwa don ma'auratan su sake amfani da shi, muddin auren yana nan. In an yi saki ko miji ya rasu, an rufe wannan babi.

Abin da nake so a lura da shi: duk fatawar nan an ɗora ta ne a kan sharaɗin a yi matuƙar taka-tsantsan kada a cakuɗa. To wa zai tabbatar da sharaɗin? Ni malami ba na shiga ɗakin gwaji. Nasaba, gado, muharramaka, waliccin aure, duk suna rataye da rubutun da wata ma'aikaciya ta yi a jikin faranti. Don haka a ganina neman a kafa hukumar sa ido ba kwaikwayon Turawa ba ne, mu muka fi kowa buƙatarta. Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ashe jiha tana iya shiga irin wannan sha'ani in ta ga dama.

'YarTudunWada ta amsa:

Allah ya gafarta Malam, na gode. Barista da Sista, Allah ya saka da alheri. Na tura wa maigidan ya karanta da kansa. Maganar kishiya ma an taɓa kawo mini ita a dangi, yanzu na samu amsa.

AlhajinKantinKwari ya amsa:

Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Ni na bi hanyar nan da iyalina, a gida da Indiya. Kowa a nan yana ta kiran hukuma, hukuma. Mu 'yan kasuwa mun san abin da sabuwar hukuma ke nufi a ƙasar nan: sabon rasit, sabon mai zuwa karɓar na goro, kuma a kan majinyaci za a fanshe. Yanzu ma sai mai miliyoyi ke iya yin dashen nan. A ƙara masa kuɗin lasisi, malamar makaranta ta sayar da me kuma?

Sannan doka tana zuwa da nata takurawar. Indiya ta yi tata a 2021, ta ce mace in ta wuce 50, namiji in ya wuce 55, ba za a yi musu ba. Da yawan abokaina da suka ƙara aure sun wuce wannan. Ga batun ƙwai ɗaya da na ji ana dasawa a Ingila. Mutum ya zuba dukiyarsa a ce ɗaya tak za a sa? Ni cewa na yi a sa uku, in Allah ya kawo Hassan da Husaini har da Gambo, ina so. Malama, ki nemi likita mai tsoron Allah wanda mutane suka shaida, ki yi bismillah. Mai nema yana tare da samu.

SistaAManchester ta amsa:

Alhaji, ranka ya daɗe, maganar na goro ba zan musa maka ba. Amma kuɗin sa ido ba shi ke tsadar da aikin ba. A nan abin da hukuma ta riƙa karɓa a 2024 a kan kowane zagaye na dashe kusan fam 100 ne, a maganin da ke cin dubban fam. Allurai da kayan aiki da ake sayowa da dala su ne tsadar.

Rashin mai sa ido kuma shi ma biyan kuɗinsa ake yi. A ƙarshen 2024 sashen binciken BBC na Afirka ya bankaɗo masu damfara a Anambra da ke yi wa mata allurai ciki ya kumbura, a ce musu suna da cikin da hoto ba ya gani, a ƙarshe a miƙa musu jaririn wata. Wannan ba IVF ba ne, amma matan da suka gaji da gorin dangin miji su ne kasuwarsu, kuma ba su da wani jerin sunaye na gwamnati da za su duba su bambance na gaske da na bogi. Likita mai tsoron Allah ma jerin nan zai amfane shi.

Batun uku kuwa, da ka taɓa tsayawa a ɗakin bakwaini da ka sassauta. 'Yan uku kusan kullum kafin lokaci suke zuwa, uwa ga hawan jini ga zubar jini, jarirai a kwalba makonni, wani a rasa shi, wani ya tashi da lalura. A 2008 kusan ɗaya cikin huɗu na haihuwar IVF a nan tagwaye ne ko fiye. Hukuma ta matsa wa cibiyoyi, zuwa 2022 ya sauko kusan kashi 4 cikin 100, kuma yawan masu samun haihuwa bai ragu ba, domin sauran ƙwan ba zubarwa ake yi ba, ajiyewa ake yi a dasa daga baya. Asibitin da ba mai duba shi ya fi son ya zuba uku, saboda gwajin ciki ya nuna an samu ya sa a talla. Abin da ya biyo baya a ɗakin haihuwa ba ya shiga lissafinsa.

Anti, wannan ya tuna mini. In sun ce miki nasararsu kashi kaza ce, ki tambaya: gwajin ciki ko jariri a hannu, kuma a mata masu shekarunki? A nan ma, mace 'yar ƙasa da shekara 35 kusan ɗaya cikin uku ne ke haihuwa a kowane dashe, kuma yana raguwa sosai bayan 40. Ki nemi ganin mai haɗa ƙwan ido da ido, ba likita kaɗai ba. Ki tambaye ta wa ke tsaya mata shaida in tana sauya faranti, me ke riƙe na'urar reno tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto, wa ƙararrawar tanki ke kira da tsakar dare. Ki ce ta nuna miki littafin da suke rubuta ƙarin naitrojin. Bayan an haɗa kuma a ba ki a rubuce: nawa aka ciro, nawa suka haɗu, nawa aka dasa, nawa aka ajiye, a wane tanki. Wadda ke aikinta daidai ba za ta ji haushi ba, daɗi ma za ta ji an tambaya. In suka ce sirrin asibiti ne, ki karɓi takardun gwaje-gwajenki ki gwada wani wuri. Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja ma yana da sashen IVF.